Babi na Bakwai: Me Ke Bayan Labulen Gaba?

Duk wanda ya taɓa hawa babban jirgin sama, ko zuwa Umara ne ko fatauci Dubai, ya san abin da ke faruwa a bakin ƙofa. Ma'aikaciyar jirgi za ta duba katin shigarka, ta nuna maka hannun dama, ka bi sahun ɗaruruwan mutane kuna neman lambar kujera. Jefi-jefi sai ka ga an nuna wa wani hannun hagu, ya shige abinsa, da jirgi ya tashi kuma a ja labule. Daga nan ba za ka sake ganinsa ba sai wajen ɗaukar kaya, in ma ka gan shi ke nan.

Mutane da yawa sun sha tambaya: me ake ba su a can da ya kai wannan kuɗi, alhali tare muka tashi, tare kuma za mu sauka? Wanda ya ɗan zagaya duniya yakan ƙara da wata tambayar: in mutum ya biya kuɗin ajin farko, wanda muke kira fas-kilas, abin da zai samu a Emirates shi zai samu a British Airways ko Lufthansa?

Amsar tambaya ta biyu a taƙaice ita ce a'a, kuma tazarar ta fi yadda ake zato. In muka gano dalilin wannan tazara, amsar tambaya ta farko za ta fito da kanta.

Suna ɗaya, kaya daban-daban

Mu fara da tashar mota. Kowa ya san darajar gidan gaba. Amma gidan gaba a sabuwar mota mai sanyi, inda kai kaɗai ne kusa da direba, ba ɗaya yake da gidan gaba a tsohuwar tasi ba, inda ake cusa mutum biyu, ɗaya gwiwarsa na gugar giya. Dukansu sunansu gidan gaba, dukansu kuma an biya ƙari a kansu.

Haka lamarin yake a sama. Hukumomin sufurin jiragen sama sun kafa dokoki masu tsauri kan lafiyar jirgi, da horon matuƙa, da ƙofofin gaggawa, da adadin ma'aikata. Amma babu wata hukuma da ta ƙayyade faɗin kujerar ajin farko, ko ta ce dole a ba da gado ko wani irin abinci. Kowane kamfani shi ke raɗa wa kujerunsa suna.

Shi ya sa a cikin Amurka, wanda ya sayi ajin farko daga New York zuwa Chicago zai samu kujera mai ɗan faɗi, biyu a kowane gefe, wadda ke kwantawa baya kaɗan, da abinci ko abin taɓawa. Iyakarta ke nan. Wanda kuwa ya sayi ajin 'yan kasuwa, wato bizines, a kujerar Qsuite da Qatar Airways ya fito da ita a 2017, zai samu ɗan ɗaki mai ƙofa da gado shimfiɗaɗɗe. A takarda na Amurka ne a sama, a zahiri kuwa ko kusa bai kama ƙafar na Doha ba. Darasin farko ke nan: sunan aji bai isa shaida ba.

Yadda aka fara jan labule

A zamanin da jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka ke yada zango a Kano su sha mai, babu wani rabe-rabe sosai. Hawa jirgi kansa alfarma ne, kuɗinsa kuma sai wane da wane. A 1952 kamfanoni suka amince da buɗe aji mai rangwame a hanyar da ke tsallaka Tekun Atlantika, a 1958 kuma aka ƙara ajin ikonomi, wanda ya fi shi araha. Da talaka ya samu shiga, sai aka ga buƙatar keɓe wa mai kuɗi wurinsa.

A 1970 Boeing 747 ya fara aiki a hannun kamfanin Pan Am, kamfanoni da dama kuma suka mayar da benensa falon shaƙatawa na 'yan gaba. A ƙarshen shekarun 1970 aka ƙirƙiro ajin bizines a tsakiya. A wannan zamani ne kuma Concorde ya yi tashe, daga 1976 zuwa 2003. Kujerunsa ɗari ne, matsattsu, tagoginsa ƙanana, amma yana kai mutum New York daga Landan cikin kusan awa uku da rabi, rabin lokacin sauran jirage. Lokaci yake sayarwa.

Tun da aka ajiye Concorde, babu kamfanin da ke iya kai mai kuɗi da wuri fiye da talaka. Da batun sauri ya fita daga ciniki, sai gasa ta koma kan jin daɗi. Tun ma kafin nan, a tsakiyar shekarun 1990, aka fara kujerar da ke shimfiɗewa ta zama gado sosai. A 2007 Singapore Airlines ya zama na farko da ya fara jigila da A380, jirgin nan mai hawa biyu, ya sa masa ɗakuna masu ƙofa. A 2008 Emirates ya sa wurin wanka a nasa. A 2014 Etihad na Abu Dabi ya fito da The Residence, wani sashe mai ɗaki uku: falo, da banɗaki mai shawa, da ɗakin kwana.

Fili ake saya

Cikin jirgi kamar kasuwa ne mai rumfuna ƙididdigaggu. Wanda ya kama wurin rumfa shida, kuɗin rumfa shida zai biya, ko da kayansa ba su cika ɗaya ba.

A ajin ikonomi, faɗin kujera bai cika wuce santimita 45 ba, tazara daga kujera zuwa ta gabanta kuma kusan santimita 80 ce. A yawancin jiragen Boeing 777, mutum goma ake jerawa a layi ɗaya. A ajin farko na irin wannan jirgi, mutum huɗu ne a layi, wani kamfanin ma uku, gadon kowa kuma yakan kai tsawon mita biyu. Dubi yadda Singapore Airlines ya raba sabon tsarin A380 ɗinsa: kujeru 471 ne gaba ɗaya, 343 na ikonomi, 44 na ikonomi mai ƙarin sarari, 78 na bizines, ɗakunan ajin farko kuwa shida kacal, amma sun cinye gaban bene duka.

Wannan ne asalin tsadar, wadda sau da yawa takan ninka kuɗin kujerar baya sau biyar zuwa goma, wani lokaci fiye. Abinci da turare da rigar barci ƙari ne kawai. Ainihin hajar ita ce mutum ya miƙe ƙafa, ya yi barci irin na gida, ya sauka da safe da ƙarfinsa. Akwai kuma shiru, domin gaban jirgi ya yi nisa da rurin injina.

Wanda ya fahimci haka zai gane cewa tsawon tafiya yana cikin lissafi. Gado a tafiyar awa ɗaya daga Kano zuwa Abuja ba shi da amfanin komai. Gado a tafiyar dare ta awa goma sha huɗu, ga wanda zai shiga taro da safe ko dattijo mai ciwon baya, shi ne bambanci tsakanin sauka lafiya da sauka a galabaice.

Kowane gida da irin karamcinsa

In aka zo kan kujerar kanta, kamfanoni sun kasu gida-gida, kuma kowa halin ƙasarsa yake nunawa.

Kamfanonin yankin Gulf ƙasaita suke sayarwa. A A380 na Emirates akwai ɗakuna goma sha huɗu masu ƙofa, da ado mai ruwan zinare, da wuraren wanka biyu a gaban bene. Ana ba kowa ruwan minti biyar, akwai ma'auni mai nuna saura nawa ya rage, daɓen kuma ana ɗumama shi. Minti biyar ba su da yawa, amma ruwa nauyi gare shi, kowane kilo a sama kuwa mai yake ci. A 2017 kamfanin ya ƙara fito da wani sabon tsari a wasu jiragensa na 777: ɗakuna shida, bangonsu ya kai har rufi. Na tsakiya da ba su da taga sai aka sa musu allo mai siffar taga, yana nuna abin da kyamara ke ɗauka a waje.

Singapore Airlines natsuwa da tsari yake sayarwa. A ɗakinsa na A380, kujera daban take, gado daban, ba sai an naɗe ɗaya an shimfiɗa ɗaya ba. Miji da mata da suka kama ɗakuna maƙwabta a gaba suna iya sa a sauke bangon tsakiya, gadajen su haɗe su zama ɗaya.

Air France ya bi wata hanya. Ajinsa na La Première kujera huɗu ce tak a jirgi, kuma labule mai kauri yake amfani da shi maimakon ƙofa, daga rufi har ƙasa. Babu ƙyalƙyali, babu wurin wanka, amma ƙarancin mutane ya sa kowa yana ji kamar don shi kaɗai aka tashi jirgin. A 2025 ya fito da sabon samfuri wanda tsawonsa ya kama taga biyar.

Kamfanonin Japan biyu, ANA da Japan Airlines, tsafta da lura da ƙananan abubuwa ne ƙarfinsu. A jirgin A350-1000 da Japan Airlines ya fara tashi da shi a farkon 2024 tsakanin Tokyo da New York, an saka lasifika a cikin matashin kujera, mutum ya saurari abin da yake kallo ba tare da ya ɗora komai a kunne ba.

British Airways kuwa, wanda ya fi kowa daɗewa a zukatan matafiyan Najeriya masu zuwa Landan, kujerarsa ta ajin farko ta fi na waɗannan ƙanƙanta, kuma yakan jera da yawa a sashe ɗaya. Matafiya da dama suna kallonta a matsayin bizines mai kyau ƙwarai, farashinta kuma sau da yawa bai kai na Air France ba. Wannan ma ciniki ne mai ma'ana, matuƙar mai saye ya san abin da yake saye.

Tun daga ƙasa ake gane ta

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Mafi yawan wahalar tafiya a filin jirgi take: layin auna kaya, layin bincike, layin shige da fice, doguwar tafiya a ƙafa, da zaman jira. Kamfanin da ya ɗauke wa fasinja wannan ya yi rabin aiki tun kafin a rufe ƙofa.

A nan Jamusawa suka yi fice. Tun 2004 Lufthansa yake da gini na musamman a Frankfurt don 'yan ajin farko, ware daga babban filin. A can ake bincikensu, a can ake duba fasfo, akwai wurin cin abinci da ɗakunan hutu da bahon wanka. In lokaci ya yi, sai a ɗauki mutum a ƙaramar mota har gindin jirgi. Air France ma haka yake yi a Faris: ma'aikaci ɗaya yana tare da fasinja daga isowarsa har shigarsa jirgi, a mota ake kai shi. A Doha, falon Al Safwa na Qatar Airways yana da dogon rufi da ruwa mai gudana da shiru irin na gidan tarihi, har da ɗakunan kwana. A Dubai, falon Emirates ya miƙe tsawon hawa guda na ginin, daga cikinsa kuma ake shiga jirgi kai tsaye.

Sai dai akwai abin lura, wanda ya shafi matafiyan Afirka musamman. Duk wannan gata a gidan kamfani yake. Wanda ya tashi daga Frankfurt ko Dubai zai ga komai. Wanda ya tashi daga Legas da tikitin kamfanin nan ɗaya, ɗakin jiran da ke filin Legas zai shiga, kuma jami'an da ke duba kowa su za su duba shi. Tafiya da dawowa kuɗinsu ɗaya a takarda, amma karamcin da ke cikinsu bai zama ɗaya ba.

Abinci tsakanin sama da ƙasa

Mutane sukan ce abincin jirgi ba shi da ɗanɗano. Laifin ba na mai girki ba ne shi kaɗai. Iskar cikin jirgi busasshiya ce, kamar ta tsakiyar hunturu, matsinta kuma kamar na kan dutse ne mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Hanci yakan bushe, harshe ya dakushe. Wani bincike da cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta yi wa Lufthansa a 2010 ya nuna cewa jin gishiri da zaƙi yakan ragu har zuwa kusan kashi 30 cikin ɗari. Ga shi kuma ba a hura wuta a jirgi: a ƙasa ake dafa abinci, a sanyaya, a ɗumama a sama.

Kamfani mai inganci shi ne wanda ya yi dabarar cin wannan matsala. Cathay Pacific na Hong Kong yana ɗauke da tukunyar dafa shinkafa da abin soya ƙwai, don karin kumallo ya fito da zafinsa. Singapore Airlines yana ba fasinja dama ya zaɓi abincinsa daga dogon jeri aƙalla kwana guda kafin tafiya. Kamfanonin Japan suna jera abincin gargajiyarsu a ƙananan kwanuka, kowane da launinsa, bisa abin da ke yayi a wannan lokaci na shekara. Air France yana ɗauko mashahuran masu girki su tsara masa. A yawancinsu kuma babu lokacin cin abinci: sa'ad da ka ji yunwa za a shimfiɗa maka tebur.

Akwai wani lissafi da ya kamata mai karatu Musulmi ya yi. Kaso mai tsoka na abin da kamfanoni ke alfahari da shi a ajin farko giya ce mai tsada, sai kuma kabiya, wato ƙwan wani kifi da ake sa wa gishiri. Wanda ba ya shan giya ya biya kuɗin abin da ba zai taɓa ba, don haka ma'auninsa dole ya bambanta da na mujallun Turawa. Abin da zai duba shi ne halaccin abinci da sauƙin ibada. A Emirates da Etihad da Qatar da Saudia da Turkish Airlines, abincin jirgi halal ne gaba ɗaya. A kamfanonin Turai da na gabashin Asiya kuwa sai an nemi abincin Musulmi tun kafin tafiya, kuma sau da yawa bai kai wanda ke kan jerin nasu armashi ba. Saudia ba ya ba da giya sam, ana karanta addu'ar tafiya kafin tashi, a manyan jiragensa kuma akwai wurin sallah. Kamfanonin Larabawa sukan tarbi baƙon gaba da gahawa da dabino. Ga wanda zai yi alwala ya fuskanci alƙibla cikin kwanciyar hankali, waɗannan sun fi kowace kwalba daraja.

Hannun da ke miƙo kofi

Kowane kamfani mai kuɗi zai iya sayen kujera mai kyau, domin masana'antun da ke ƙera su kaɗan ne, kuma kowa suna sayar masa. Abin da ba a saya a kasuwa shi ne tarbiyyar ma'aikata.

A bisa ƙa'idar da aka fi bi, ma'aikaci ɗaya ake buƙata ga kowace kujera hamsin. A ajin farko kuwa za ka samu biyu ko uku suna kula da mutum shida ko takwas. Amma yawa kaɗai bai wadatar ba. Kowane Bahaushe ya san bambancin gidan da ake dire wa baƙo kwano a tafi, da gidan da ake lura ko ruwansa ya ƙare tun bai tambaya ba, a kuma san lokacin da ya kamata a bar shi ya huta. Hidima mai kyau ita ce wadda ke zuwa kafin a kira, ta kuma janye kafin ta zama takura.

Singapore Airlines yana horar da sababbin ma'aikatansa kusan wata huɗu, fiye da yawancin kamfanoni, shi ya sa hidimarsa kusan iri ɗaya ce kowace rana. Ma'aikatan Japan suna da ladabi mai zurfi da kiyaye ƙa'ida, ko da yake wanda ya saba da raha zai iya jin kamar da ɗan nisa tsakaninsu. Emirates yana ɗaukar ma'aikata daga ƙasashe fiye da ɗari, abin da ke sa kusan kowane fasinja ya samu mai jin harshensa, amma girman kamfanin yakan sa hidimar yau ta bambanta da ta gobe. A kamfanonin Turai za ka fi haɗuwa da ma'aikatan da suka shekara ashirin ko talatin a bakin aiki, masu sakin jiki da hira irin ta manya.

Wanne ya fi? Ya danganta da abin da mutum ke kira karamci. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, kamfanin da ke yin daidai kullum ya fi wanda ke yin bajinta yau ya yi sakaci gobe.

Me ya sa ajin ke ƙanƙancewa?

Wani abin mamaki shi ne, yayin da ajin farko ke ƙara kyau, kamfanonin da ke da shi raguwa suke yi. Delta da United na Amurka sun daina shi a dogayen tafiye-tafiye, American Airlines ma ya sanar a 2022 cewa zai bi sahu. KLM da Turkish Airlines da Air Canada ba su da shi. Ethiopian Airlines, wanda ya fi kowane kamfani girma a Afirka, aji biyu yake da su, na gaban shi ne bizines da ya raɗa wa suna Cloud Nine.

Dalilin yana komawa shekarar 2000, sa'ad da British Airways ya sa gado shimfiɗaɗɗe a ajin bizines. Daga ranar, babban abin da ake biyan ajin farko dominsa, wato barci, ya samu a farashi mai sauƙi. Ma'aikatu da kamfanonin da ke biya wa manyansu kuɗin jirgi suka ga bizines ya wadatar. Da aka zo aka ƙara masa ƙofa, sai tazarar ta ƙara tsukewa. Yawancin kamfanonin da suka ci gaba da ajin farko dole suka rage kujeru, daga goma sha huɗu ko goma sha biyu zuwa takwas, shida, ko huɗu, suka kuma ƙara musu girma don bambancin ya fito fili.

A nan ne labarin ya shafi wanda bai taɓa juyawa hagu ba. Abin da aka fara gwadawa a gaba, sannu a hankali baya yake gangarowa. Allon kallo na kowace kujera, da wurin cajin waya, da matashin kai mai lanƙwasa, da zaɓen abinci kafin tafiya, duk sun taɓa zama gatan 'yan gaba. Yau ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke kujera ta arba'in yana amfana da su.

Tambayoyi huɗu kafin a biya

Wanda Allah ya hore wa, ko aka ɗora masa sayen tikiti ga mahaifi ko maigida, ga abin da ya kamata ya bincika.

Na farko, wane jirgi ne zai yi tafiyar? Wannan ta fi sunan kamfani muhimmanci. Emirates yana da jiragen 777 fiye da ɗari, amma ƙalilan ne ke da sababbin ɗakunan nan, wurin wanka kuma sai a A380. Da kamfanin ya dawo Legas a watan Oktoba na 2024, da 777 mai ɗakunan ajin farko takwas ya dawo. Qatar Airways kusan sai a A380 yake da ajin farko na doguwar tafiya, jiragen da ya fara turowa Kano a 2022 kuwa aji biyu ne. Lufthansa da Air France ma ba a kowane jirgi suke da shi ba. Hoton da ke talla hoton jirgi mafi kyau ne, kuma kamfani yana da ikon sauya jirgi ranar tafiya.

Na biyu, in tafiyar zango biyu ce, a wane zango ajin farkon yake? Sau da yawa zango ɗaya ne kawai, ɗayan a bizines za a yi shi.

Na uku, dare ne ko rana, kuma awa nawa? Tafiyar dare ta awa shida, kamar daga Landan zuwa Abuja, barci ne zai cinye ta, mutum ba zai ga yawancin abin da ya biya ba. Gadon bizines zai yi masa wannan aiki.

Na huɗu, me kake buƙata da gaske? Mai rakiyar mara lafiya yana buƙatar gado, da kusanci da banɗaki, da wanda zai taimaka masa a filin jirgi. Mai son sirri yana buƙatar ƙofa. Malami mai son muraja'a yana buƙatar shiru da fitila mai kyau. Kamfanin da ya fi ga ɗaya ba lallai ya fi ga ɗayan ba, shi ya sa jerin gwanaye da ake fitarwa kowace shekara jagora ne kawai, hukunci yana hannun mai tafiya.

Abin da labule bai raba ba

Mu koma tambayar da muka faro da ita. Abin da ake ba na gaba shi ne fili, da barci, da shiru, da kulawa, da kuɓuta daga layi. Waɗannan abubuwa ne na gaske, masu amfani, kuma kamfanoni sun bambanta ƙwarai wajen cika alkawarinsu. Ingancin yana rataye ne a kan jirgin da aka turo, da filin da aka tashi, da mutanen da ke aiki a ranar.

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya raba shi. Matuƙi ɗaya ne, injinan ɗaya ne, makanikan da suka duba jirgin da dare ba su san wa zai zauna a ina ba. Ma'aikaciyar da ke miƙa gahawa a gaba da wadda ke tura keken abinci a baya horon ceto ɗaya aka ba su, kuma shi ne ainihin dalilin da doka ta sa suke cikin jirgin. Mafi tsadar abin da jirgi ke ɗauke da shi, wato isa lafiya, kowa rabonsa daidai ne.

Saura wata tambaya da ta fi wannan ɗaure kai, kuma ba sai an leƙa bayan labule ba. A layi ɗaya na ikonomi, mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, abinci ɗaya, bargo iri ɗaya, amma ɗaya ya biya ninki biyu na abin da ɗayan ya biya. Wa ke yanka farashin tikiti, kuma me ya sa yake sauyawa tsakanin safe da yamma? Wannan shi ne abin da za mu bi diddiginsa a babi na gaba.